Duke da Carolina: Gasa a Fili, Gasa a Aji

Yau za mu leƙa jihar North Carolina ta Amurka, inda jami'o'i biyu maƙwabta, Duke da Jami'ar North Carolina (wato Carolina), suka daɗe ba sa ga maciji da juna saboda ƙwallon kwando.

Mu fara da tikiti. Zauren wasan Duke ƙarami ne, bai kai mutum dubu goma ba. Ɗalibai kan kafa tantuna a kan ciyawa, su kwana makonni cikin sanyin hunturu don su samu shiga. A wasan da suka kara a zauren a 2019, mafi arhar tikitin da 'yan kasuwa suka sake sayarwa ya kai dala 2,500. Barack Obama ma ya halarta. Wasa bai yi minti ɗaya ba takalmin tauraron Duke, Zion Williamson, ya fashe, ya ji ciwo a gwiwa, ya fita. Carolina ta ci.

Sai batun karatu. 'Yan Duke na tunƙaho da cewa jami'arsu mai zaman kanta ce, shiga cikinta da wuya. 'Yan Carolina kuwa su ce tasu ta al'umma ce, tun 1795 take koyarwa, kuma ita ta yaye Michael Jordan.

A nan abin ya fi damuna. A 2014 bincike ya tabbatar cewa an shafe shekaru ana ba wasu ɗaliban Carolina, da yawansu 'yan wasa, maki a darussan da ba a zama aji. Yaran da suka cika zauren wasa da jama'a, su aka fi cuta.

Sharhin ke nan.