Alƙalin Tatsuniya da Alƙalin Kotu

 

Makon jiya bayan mun tashi daga shiri, wani dattijo ya tare ni a bakin kasuwar Asihar, nan Tamanrasset. Mutumin wajen Tawa ne, ya fi shekara 20 yana hawa yana sauka. Ya ba wani raƙuma huɗu bashi, a kan za a biya bayan babbar salla. Salla ta wuce, wata ta zagayo, mutumin ya ce shi bai ma san zancen ba. Na ce, "Baba, akwai takarda?" Ya ce, "Ɗana, wace takarda? Hannu muka yi, muka shafa fatiha." Na ce shaidu fa? Ya ce biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗaya yana Libiya. Sannan ya faɗi maganar da ta sa na zaɓi batun yau. Ya ce, "Ai alƙali in mai hankali ne, yana duban idonsa zai gane ƙarya yake."

To, wannan alƙalin da Baba ke nema na san shi, ku ma kun san shi. Tun muna yara muka haɗu da shi a tatsuniya. Kun tuna labarin mutumin da ya ceci maciji, ya sa shi a jaka, da ya fito ya ce sai ya sare shi? Aka je gaban dila, malamin daji. Dila bai nemi shaida ba, bai ce a rantse ba. Cewa ya yi shi fa bai yarda maciji mai wannan tsawo ya shiga wannan 'yar jakar ba, sai an gwada ya gani. Maciji ya koma ciki, aka ɗaure baki, shari'a ta ƙare. Wanda ya karanta Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, da aka fara bugawa a 1937, ya san yadda ake gurfana gaban sarki ko alƙali a cikin labaran akun nan, dabara ta warware abin da ya gagara. Muna son irin waɗannan labarai don suna sanyaya rai: mai gaskiya ba ya da kowa, ba ya da komai, amma ya ci shari'a.

Sai dai littattafan da alƙalan gaske suka karanta ba haka suka zana alƙali ba. Kuma abin da zai ba ku sha'awa, ta wannan hamadar da muke zaune a cikinta yawancinsu suka bi, a bayan raƙuma, tare da dabino da gishiri.

Ku ɗauki Shehu Magili. Haifaffen Tilimsan ne a arewacin Aljeriya, ya zauna a Tuwat, can wajen Adrar inda dabinon da kuke saye ke fitowa. Ya bi ta ƙasar Abzin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa ɗan littafi mai babi takwas kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. A ciki akwai babin adalci wajen hukunci, kuma yana ta nanata wa sarki kada ya ɓuya wa talakawansa. Kabarinsa na Tuwat har yau. Bayansa da shekara 300 da 'yan kai, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami, shi ma a Kano, da mutanen gari suka roƙe shi ya bar musu abin da za su riƙa hukunci da shi.

Amma littafin da ya fi shiga zauren alƙali shi ne Tuhfa, na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1426. Waƙe ne, kusan baiti 1,700, an tsara shi haka don ya yi sauƙin hadda. Ga kuma Risala ta Ibn Abi Zaidi na Ƙairawan a Tunisiya, wadda kusan duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya taɓa, da Muhtasar na Halilu ga waɗanda suka yi nisa.

Me waɗannan littattafai ke gaya wa alƙali? Abu na farko, ya gane wane ne mai ƙara, wane ne wanda ake ƙara. Mai ƙara shi zai kawo hujja. In ya kasa, wanda ake ƙara ya rantse ya tafi abinsa. A mazhabar Maliku, in maganar dukiya ce, shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai ƙara na iya wadatarwa. Risala ma ta ƙara da cewa ba a ɗora wa mutum rantsuwa haka kawai, sai an ga alamar akwai hulɗa tsakaninsu ko akwai dalilin zargi, don kada kowane ɗan neman fitina ya riƙa jan mutanen kirki gaban shari'a. Ba inda aka ce alƙali ya dubi ido. Hasali ma a Muwaɗɗa, hadisin da ya buɗe babin shari'a yana nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana gargaɗin cewa wani ya fi wani iya tsara magana, shi kuwa da abin da ya ji yake hukunci, don haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ya sani yankin wuta ya ɗauka. Kun ji fa. In a gaban Annabi mai baki zai iya rinjaye, ina ga kotun yau?

Makiyaya, ku ma littafin bai manta da ku ba. Risala ta kawo hukuncin ɓarnar gona: abin da dabbobi suka ɓata da dare masu su za su biya, na rana kuwa masu gona ne ya kamata su tsare. Asalinsa taguwar wani sahabi ce, Barra'u ɗan Azibu, da ta shiga gonar mutane. Na san wani yana can yana murmushi, yana cewa ashe rana tamu ce. A'a, malam. Masu sharhi sun sa sharaɗi: in makiyayi na tare da dabbobin ya yi sakaci, ko ya sake su a gindin gonaki, biya ya hau kansa ko da rana tsaka ce. Kuma in kun sauka Nijar da damina, akwai dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010, su ke magana a kan burtali da mashaya da lokacin sakin gonaki.

Yanzu mu dawo kan Baba da raƙumansa. Alƙalin da zai tarar a kotun Tamanrasset ba Tuhfa ce a gabansa ba. Kundin dokar mu'amala ne na Aljeriya, na 1975. Sashe na farko na kundin ya ce in babu nassin doka a kan wata matsala, alƙali ya koma ga ƙa'idojin shari'ar Musulunci, in babu ya koma ga al'ada. To amma maganar bashi akwai nassi a kanta. Sashe na 333, bayan gyaran 2005, ya ce in ba harkar da doka ta ɗauka ta kasuwanci ba ce, duk abin da ya haura dinari 100,000 ba a tabbatar da shi da bakin shaidu, sai da rubutu. Dinari 100,000 shi ne abin da mutanen nan ke kira miliyan goma da lissafin santim, kuma kun san raƙumi ɗaya mai kyau ya wuce nan. Akwai 'yan togaciya, lauya zai iya duba ko wata ta shafe ka, amma ni dai ba zan so raƙumana huɗu su rataya a kan togaciya ba. Ma'ana ko da shaidan nan na Libiya ya dawo gobe, aikin bai ƙare ba.

Da na faɗa wa Baba haka ransa ya ɓaci, ya ce wannan dokar Nasara ce. Na ce Baba, a yi haƙuri, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan me ta sauka? A kan rubuta bashi ne da kafa shaidu. Mu ne muka mayar da neman takarda kamar zagi, wai kada a ce ba ka yarda da mutum ba. Kunya ce ke cin dukiyarmu a wannan hanya fiye da 'yan fashi, wannan ra'ayina ne, wanda bai yarda ba ya aiko mu ji.

Takardar ba wani abin wahala ba ne. Sunan mai bayarwa da na mai karɓa kamar yadda suke a katin shaida, da lambar katin. Abin da aka bayar: in dabbobi ne a faɗi adadi da launi da tambarin da ke jikinsu, in kaya ne a faɗi buhu nawa. Kuɗin, da irin kuɗin, dinari ne ko sefa ko naira, don nan ma ana rigima. Ranar biya. Sannan kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa, dokar nan ta karɓi dangwale. A yi kwafi biyu. Ku kula da harshe kuma: kotun Aljeriya da Larabci take aiki, takardar Faransanci ko ta Hausa, boko ce ko ajami, sai an kai wa mai fassara na hukuma kafin a karɓe ta. In a nan aka yi cinikin, gara a rubuta da Larabci tun farko. In dukiyar mai yawa ce a je wurin mai rubuta yarjejeniya na hukuma, wanda Larabawan nan ke kira muwassiƙ.

Shi Baba mun rabu a kan zai fara neman dattawan zango su zauna da mutumin, ko Allah zai sa ya amsa ko da rabi a gaban jama'a, a rubuta a wurin. In ya dawo da labari za ku ji.

Gaisuwa ga mutanen Asamaka da Arlit da Agadas, da masu jiran layi a wurin duwan. Allah ya sauke kowa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.