Tsawon dandamali shi ke yanke yawan fasinja

Yau hirarmu kan jirgin ƙasa mai gudun tsiya ce, da wani abu da ba a cika lura da shi ba: dandamalin da fasinja ke tsayawa su hau.

Makiyayi ya san zancen. Komai yawan ruwan rijiya, tsawon kwami ne ke nuna shanu nawa za su sha a lokaci guda. To haka dandamali yake ga jirgi. Taragon da ya tsaya bayan ƙarshen dandamali ba a buɗe ƙofarsa, don ba inda mutum zai sa ƙafa.

Mu ɗauki jirgin Haramain na Saudiyya, wanda alhazanmu da dama suka hau. An buɗe shi a 2018, yana haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kilomita kusan 450, gudunsa yana kai kilomita 300 a sa'a. Jirgi ɗaya yana da kujeru 417, tsawonsa ya ɗan haura mita 200. In aka haɗa biyu suka tafi tare, kujeru 834 ke nan a sawu ɗaya, amma fa sai dandamalin ya haura mita 400. Shi ya sa a Turai manyan tashoshin irin wannan jirgi ake yi musu dandamali mai mita 400. A Japan ma, jirgin Tokyo zuwa Osaka, layin da aka buɗe tun 1964, tarago 16 yake ja, kusan mita 400, da kujeru sama da 1,300.

Wani zai ce, ai sai a ƙara yawan sawu kawai. Haka ne, amma da iyaka. Jirgin da ke gudun 300 sai ya ci kilomita da dama kafin ya tsaya, don haka dole a bar tazarar mintoci tsakanin na gaba da na baya. In tazarar ta ƙure, ɗaya daga cikin dabarun da suka rage ita ce a tsawaita jirgin.

A nan ne lissafi ke da wuya. Fasinjan ranar Talata ta tsakiyar shekara daban, na lokacin Hajji da Umrar azumi daban. In aka yi gini da lissafin ranakun da ba cunkoso, ranar buƙata mutane za su kwana a tasha. In kuma aka zuzuta yawan fasinja, jirgi ya yi ta yawo da kujeru wayam, bashin ginin yana kan talaka. Amma kura-kuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Tarago ana sayensa daga baya. Dandamali kuwa, in gari ya riga ya kewaye tasha da gidaje da shaguna, tsawaita shi sai da rushe-rushe da biyan diyya.

Layin dogo da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya ba irin mai gudun nan ba ne, amma tambayar tana nan. In jami'ai sun zo jin ra'ayin jama'a, ku tambaye su: tarago nawa tashar za ta ɗauka? An bar fili don ƙari nan gaba? An yi lissafin ranar kasuwa da jajibirin Sallah? Ina za a loda dabbobi da buhuna?

Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.