Fushin 'Yan Kallo A Kan Sarauniya Mai Dodanni



Maganarmu ta yau a kan wani wasan kwaikwayo ne na talabijin mai suna Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna daga shekarar 2011 zuwa 2019, kashi 73 cikin zango 8. An ciro shi ne daga littattafan George R. R. Martin. A ranar 12 ga Mayu, 2019 aka nuna kashi na biyar na zangon ƙarshe, inda sarauniya Daenerys ta hau dodonta mai fukafukai da aman wuta, ta ƙone birnin King's Landing da mutanen cikinsa, alhali sun riga sun kaɗa ƙararrawar miƙa wuya.

Nan fa 'yan kallo suka fusata. Kafin a nuna kashin ƙarshe a ranar 19 ga watan, mutum fiye da miliyan ɗaya sun sa hannu a wata takardar koke ta intanet, suna neman a sake shirya zangon baki ɗaya. Tashar ba ta sake ba. Akwai kuma ɗaruruwan iyaye a Amurka da suka riga suka raɗa wa 'ya'yansu mata Khaleesi, wato laƙabin sarauniyar.

To, mu dubi wannan fushi da idon basira. Lalle masu koke suna da hujja. Zanguna 6 na farko kowanne kashi 10 ne, amma na ƙarshe kashi 6 kacal, kuma marubutan, David Benioff da D. B. Weiss, sun riga sun wuce inda littattafan suka tsaya. Juyin halin da ya kamata a gina shi sannu a hankali sai aka tattara shi cikin makonni kaɗan. Sauri kuwa, in ji Hausawa, shi ke haifar da nawa.

Amma akwai abin da muka ƙi faɗa wa kanmu. A zangon 2014 Daenerys ta gicciye iyayengijin bayi 163 a birnin Meereen, ba tare da tantance mai laifi da marar laifi ba, muka tafa. A na 2017 ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa da ransu don sun ƙi yi mata mubaya'a, muka nema mata uzuri. Tun da waɗanda take hallakawa ba mu ƙaunarsu, sai muka kira abin adalci. Ranar da wutar ta faɗa kan talakawa ne muka ce an ɓata mana gwanarmu. Ashe wani ɓangare na fushin kunya ce, domin an kama mu muna tafi.

Wannan batu ya shafe mu. A cikinmu akwai masu zaɓen shugabannin ƙungiya, akwai waɗanda gobe za a ajiye musu takarda a tebur a ce su sa hannu. Za mu gamu da masu alkawarin ceto, masu cewa bin doka ɓata lokaci ne tun da niyyarsu kyakkyawa ce. In muna son sanin irin mulkin da mutum zai yi, mu duba yadda yake yi da abokin gabarsa bayan ya kayar da shi, tun muna da bakin magana.

Allah Ya sa mu gane. Wassalamu alaikum.