Wasiyya Biyu a Fadar Denmak: Laccar da Aka Gabatar a Dayi

Iyayenmu dattawa, malamai, da ƙannena ɗalibai. Kaka ce, na san wasu daga sussukar masara suka taso, saboda haka ba zan riƙe ku ba.

Wasan da zan yi magana a kansa shi ne Hamlet, wanda William Shakespeare ya rubuta a Ingila wajen shekarar 1600. Shi ma ba shi ya ƙago labarin ba, don wani marubucin Denmak mai suna Saxo ya riga ya kawo tushensa tun wajen 1200. A wasan, sarkin Denmak ne ƙaninsa Kulodiyas ya ɗiga wa guba a kunne yana barci a lambu, ya haye gadon sarauta, ya kuma auri matarsa. Sai fatalwar mamacin ta bayyana ga ɗansa, Yarima Hamlet, ta ce ya rama masa. Wannan ce wasiyya ta farko.

Ku ƙirga abin da ta ci. Poloniyas, babban bafaden sarki, Hamlet ya soke shi ta bayan labule bisa zaton sarki ne. 'Yarsa Ofiliya ta haukace, ta nitse a ruwa. Ɗansa Layatis ya taso neman fansar nasa uban. Kafin a tashi wasan, gawa takwas ce a ƙasa, har da uwar Hamlet da shi kansa, mulkin kuma ya faɗa hannun Fotinbaras, yariman Norway. Kan mutum ɗaya aka nema, gida biyu suka ƙare. Mu a nan ba ma bukatar Bature ya koya mana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ga irin wannan tun a shekarun 1930, inda haushin mace da aka ƙwace ya sauka a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Amma mutumin da ya kawo ni Dayi yau shi ne Horeshiyo. Talaka ne, ɗalibi, tare suka yi karatu da yarima a Wittenberg ta ƙasar Jamus. Ba shi da sarauta, bai nemi ko ɗaya ba. Shakespeare ya jera shi da wasu tsofaffin abokan Hamlet biyu, Rosencrantz da Guildenstern, waɗanda sarki ya yafito suka zama 'yan leƙen asirinsa, har suka ɗauki takardar kisan abokinsu zuwa Ingila. Abokan cin tuwo ke nan. Shi kuwa Horeshiyo sau biyu yana riƙe rigar Hamlet: ya ce kada ya bi fatalwa cikin dare, ya kuma nemi ya janye daga wasan takobi da Layatis. Duka biyun ba a ji maganarsa ba, kuma bai yi fushi ya tafi ba.

Da dafin takobin Layatis ya fara cin Hamlet, Horeshiyo ya rarumi wani kofi da guba ta rage a ciki zai shanye, ya bi amininsa. Hamlet, da sauran ƙarfin da ya rage masa, ya ƙwace kofin. Ya roƙe shi ya rayu, ya jure zafin duniya, ya gaya wa mutane yadda abin ya faru, don kada sunansa ya ɓaci bayan ransa. Wannan ce wasiyya ta biyu. Ku lura, mutumin da wasiyyar jini ta cinye bai bar wa abokinsa takobi ba. Labari ya bar masa.

A ganina wannan nauyin ya fi kurɓar guba wuya. Mutuwa tare da masoyi abu ne na ɗan lokaci, addininmu ma ya haramta ta. Rayuwa da amana kuwa ta shekaru ce. Sannan labarin da aka ɗora wa Horeshiyo ba wankakke ba ne. Ya san Hamlet ne ya sauya takardar nan har aka kashe abokan biyu a Ingila. Ya san jinin Poloniyas. In ya ɓoye waɗannan, maroƙi ya zama, kuma ranar da aka gano ɓoyon, sauran maganarsa ma ta zube. Da ya tsaya gaban Fotinbaras, ya yi alkawarin bayyana har da kisan kuskure da makircin da ya koma kan masu shi.

Shakespeare kansa ya dace da irin wannan aboki. Ya rasu a 1616, ya bar wa abokan sana'arsa John Heminges da Henry Condell kuɗin sayen zobe a wasiyyarsa. A 1623 suka tattara wasanninsa 36 suka buga, 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba. Cikin waɗannan har da wanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Da mutanen nan biyu sun yi sakaci, da mai yiwuwa bai iso gare mu ba.

To mu dawo gida. Dattijo ya kwanta ciwon ajali, ya sa a kira masa amininsa, don abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Ya ce masa gonar nan ta bakin fadama jingina ce, ba saye ba. Ya ce akwai buhun dawa kaza na wane a kansa. Shari'a ta yi mana iyaka: wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, ba a yi wa magaji, kuma bashi ake fara biya kafin rabo. Sai a yi sadakar uku, a yi ta arba'in, 'ya'ya su taru rabon gado, amini yana zaune a zaure ya sunkuyar da kai, yana jin nauyin faɗar abin da zai rage musu kaso. Bayan shekara goma jikoki na gaban alƙali a Malumfashi kan iyakar gona, shi kuma wanda ya san gaskiya yana kabari.

Wata wasiyyar kuma ba ta cancanci a cika ta ba. In mamaci ya ce kada 'ya'yansa su ƙara taka gidan wane, ko su rama abin da aka yi masa, amini na ƙwarai ya bar wannan maganar a maƙabarta.

Iyayenmu, duk wanda ke riƙe da maganar wani mamaci a cikinsa, ina roƙonsa kafin damina ta faɗi a shiga gonaki, ya sami magada da liman da shaidu biyu, ya faɗe ta, a rubuta. Ku kuma ɗalibai, ku ne masu alƙalamin.