Koya wa yaro harshen Latin a gida: da wane littafi za a fara?

Tambayar yau daga Amurka ta zo, daga wata 'yar uwa da ke karantar da 'ya'yanta a gida maimakon kai su makaranta. Babban ɗanta ya shiga aji shida, wato wajen shekara 11 ke nan, kuma tana son ya fara harshen Latin. Wane littafi za ta saya?

Na san wani zai ce, Latin kuma? Harshen da masu shi suka daɗe da shuɗewa? To a can, tsakanin iyalan da ke karatun gida, kasuwarsa na ci. Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci duk daga gare shi suka fito, kuma kalmomin lauyoyi da na likitoci cike suke da shi. Har jarrabawa ta ƙasa ake yi duk shekara, mai tambaya 40.

Littattafan hanya biyu suka bi, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malamin Larabci ya san su. Akwai hanyar Ajurrumiyya: ka haddace ƙa'ida tukuna, karatu ya biyo baya. Akwai kuma wadda za a jefa ka cikin labari mai sauƙi, ƙa'ida ta riƙa bayyana da kanta. Abin da ya sa wannan zaɓi yake da nauyi shi ne, Latin harshe ne mai i'irabi. Larabci na da rafa'i da nasabi da jarri, uku ke nan. Latin shida gare shi, sunayensa kuma sun kasu gida biyar, kowane gida da irin nasa ƙarshen kalma. Ka ce puella puerum videt, yarinya ce take ganin yaro. Juya kalmomin yadda ka ga dama, har yanzu ita ce mai gani, don ƙarshen kalma ke nuna mai aiki. Yaron da bai riƙe ƙarshen nan ba, cinta kawai zai riƙa yi.

A ɓangaren hadda akwai First Form Latin na kamfanin Memoria Press. A hankali yake tafiya, da maimaici da yawa, da darussan bidiyo, don haka uwar da ba ta san ko kalma ɗaya ba za ta iya jan ragamar. Aibinsa, yaro zai daɗe bai ɗanɗana labari ba. Sai na Henle, wanda wani limamin Katolika, Robert Henle, ya rubuta a shekarun 1940. Kalmominsa kaɗan ne, burinsa ya kai ɗalibi ga karanta rubutun Kaisar kan yaƙe-yaƙensa, shi ya sa sojoji da sansani suka cika shi. Shi da littattafan Memoria Press akwai addu'o'i da zancen addinin Kirista a ciki. Ga wani gidan wannan ne ma dalilin saye, wani gidan kuma zai so ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Wheelock kuwa, na 1956 mai babi 40, don 'yan jami'a aka yi shi. Ki ajiye shi tukuna.

A ɓangaren labari, Cambridge Latin Course ya fito a Ingila a 1970. Yana bin iyalin wani attajiri mai suna Caecilius a garin Pompeii na Italiya, har ranar da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 ya binne garin. Yara na son sa ƙwarai, amma mai wayo zai iya bin labarin ta hanyar hasashe alhali nahawunsa rami ne. Sannan rayuwar Rumawa ce tsirara, da bayi da gumaka da 'yan faɗan dandali, sai an zauna an yi wa yaro bayani.

Wanda ni ya fi burge ni shi ne Lingua Latina na Hans Ørberg, mutumin Danmak. Kashin farko babi 35 ne, kuma babu Turanci ko ɗigo. Hoto da ɗan bayani a gefen shafi, shi ma da Latin, su ke fassara maka. Babukan farko kamar wasa, amma daga tsakiya tudu yake zama, kuma yaro ɗan shekara 11 ba zai hau shi kaɗai ba.

Akwai kuma batun furuci. Na zamanin Rumawa yana karanta harafin v kamar wa, c kuma kullum ka. Na coci ya bi bakin Italiyawa. Ki duba wanne bidiyon da sautin littafin suka bi, kada kunnen yaro ya rabu biyu.

To Hajiya, in ni ce ke, tunda ba ki taɓa karanta Latin ba, zan ɗauki First Form ya zama ƙashin baya, minti 30 kullum, kwana huɗu a mako. Rana ta biyar ku buɗe Ørberg tare, ku karanta da babbar murya, ko shafi ɗaya ne. Kuma kafin ki sayi cikakken saiti, ki nemi samfurin darasi, ku gwada na mako biyu ki ga inda yaron ya fi sakin jiki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa batun lissafi. Sai an jima.