Zaman Lafiya da Abokan Tafiya a Hanyar Makka

 Yau za mu yi magana a kan tafiyar Hajji. Hukuncin ibada mun bar wa malamai. Abin da za mu duba shi ne yadda mutum zai zauna lafiya da abokan tafiya waɗanda al'adarsu ta bambanta da tamu.

Kakanninmu ta ƙasa suke zuwa Makka. Su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, har su kai bakin Bahar Maliya, sa'an nan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani yakan yi shekaru a hanya, yana noma ko ƙodago don ya sami guzuri. Duk garin da ya sauka sai ya koyi gaisuwarsu, ya ci abincinsu. Waɗansu ma can suka zauna, kamar mutanen Mai Wurno a Sudan, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Yanzu kuwa jirgin sama daga Kano zuwa Jidda bai kai awa shida ba. Mutum ya bar gida da safe, da dare ga shi cikin mutanen duniya, bai sami lokacin sabo da kowa ba. A 2019 alhazai sun kusa miliyan 2 da rabi. Tun a ayarinmu ma akwai Bafilatani, da Babarbare, da Banufe, da Bayarabe. To, ina dabara?

Dabara ita ce mu tuna kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da wani ya yi wanda ba mu saba gani ba, yawanci ba raini ba ne, haka ya tashi ya tarar a gidansu.

Mu ɗauki maganar hannu. A wurinmu, in mutum ya buɗe maka yatsu biyar, daƙuwa ce. Amma in ɗan sanda a Makka ya ɗaga maka tafin hannu, cewa yake ka tsaya. In Balarabe ya haɗa kan yatsunsa ya ɗaga su sama, nufinsa ka dakata kaɗan. Mutumin Indiya yakan kaɗa kai gefe da gefe, ka ce ya ƙi, alhali kuwa ya yarda. Kun ga wanda ya yi saurin fushi zai yi faɗa a kan abin da ba a yi masa ba.

Sai abinci. Bayarabe yana son barkono da manja, mu kuma ga kuka da daddawa a jaka. Yadda ƙanshin miyarsa ya dame ka, haka daddawarka ta dame shi. In ya miƙo maka, ka ɗanɗana, ka yi godiya. In ba ka iya ci, ka ce "Alhamdu lillahi" da sakin fuska. Kada ka toshe hanci.

Sai salla, nan ne aka fi samun gardama. Yawancinmu Malikawa ne. Mutanen Indunusiya Shafi'awa ne, Turkawa da yawancin mutanen Pakistan Hanafawa ne. Za ka ga wani ya kama hannu a ƙirji, wani a ƙasan cibiya, wani ya saki. Wani ya ce amin da ƙarfi, wani a ɓoye. Duk suna da malamansu. Kada ka ja hannun kowa don ka gyara masa. In abu ya shige maka duhu, tambayi malamin ayarinku.

Abu mafi girma shi ne cunkoso. A wurin ɗawafi da wurin jifa za a taka ka, za a ture ka. Wanda ya ture ka, shi ma turo shi aka yi. In ka rama, na gabanka zai faɗi, wataƙila tsoho ne ko mace. A 2015 turmutsutsu a Mina ya ci rayukan alhazai masu yawa, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Saboda haka ku bi lokacin da shugaban ayari ya sa muku, kada ku yi gaggawa.

A masauki kuma, ka rage murya in mutane suna barci, kada ka daɗe a makewayi, kada ka ɗauki butar wani sai da izini. Ka koyi gaisuwa da godiya a harshen abokin zamanka. Kalma biyu ba su da nauyi, amma suna buɗe zuciya. Ka rubuta su a takarda tare da lambar tantinka, ga amfanin karatun da muke yi.

Jama'a, mutum yakan sayar da shanu, ya tara kuɗin amfanin gona na shekaru kafin ya biya kujera. Ashe hasara ce babba ya je ya ɓata ladansa da zagi saboda buta ko wurin shimfiɗa. Malamai sun gaya mana jayayya ba ta kamata ga alhaji ba. Allah ya kai mu, ya ba mu haƙuri da abokan tafiya, ya komo da mu gida lafiya. Amin.