Me Ya Sa Dutsen Guga Ke Ƙin Zafi?

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Soron Ɗinki gabanin Sallah ya san ƙorafin: ga wuta an kawo, amma dutsen guga ya ƙi zafi, shadda ta ƙi kwanciya. Sai a ɗora wa dutsen laifi, alhali lafiyarsa ƙalau.

Lissafin Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idarsa a 1827, shi ke warware zancen. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ya kamata ta kasance. Dutsen da aka rubuta wa wat 1000 yana jan kusan amfiya 4.3; ninka bolt da amfiya, ka sami wat ɗin. Raba bolt da amfiya kuma, ka sami turjiyar wayar da ke cikinsa, wajen om 53. Wannan turjiyar kusan ba ta sauyawa.

To, a ce wuta ta sauko bolt 160. Raba 160 da 53, amfiya 3 ke nan. Ninka 160 sau 3, wat 480. Wuta ta ragu da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, amma zafi ya faɗi ƙasa da rabi, domin bolt da amfiya tare suka sauka.

A ganina, kafin tela ya kai dutsensa wurin mai gyara, ya fara aron mita ya auna soket. Injin firiji kuwa nasa daban ne: ƙarancin wuta kan sa shi ɗaukar zafi har ya ƙone, gara a cire shi.